Shekarar da Kwalara ta Biyo Alhazai Gida

Wani mai sauraronmu, manomi kuma mai fataucin hatsi daga ƙasar Funtuwa, ya aiko mana da takarda. Ya ce gardama ce ta kaure a majalisarsu, wasu na cewa taƙaita aikin Hajji da aka yi a 2020 saboda korona baƙon abu ne, don wai cuta ba ta kama mutum a wurin ibada. Shi ne yake son mu raba musu gardama.

To malam, mun gode da wannan tambaya. Gyara zama ka ji abin da tarihi ya nuna.

A shekarar 1865 tsayuwar Arfa ta faɗo ranar Juma'a, saboda haka jama'a suka yi tururuwa zuwa Makka, har kimanin mutum dubu 90. A cikinsu akwai waɗanda suka zo ta teku daga Indiya da tsibirin Jawa, inda cutar amai da gudawa, wato kwalara, take ɓarna. Dubi halin da ake ciki a lokacin: ga zafin watan Mayu, ga ƙarancin ruwan sha, babu isassun makewayi, ga dabbobin hadaya an yanka a Mina an bari a rana. Ita kuwa kwalara hanyarta sananniya ce, bayan gidan mai cutar ya gurɓata ruwa ko abinci, wani ya sha ko ya ci. Kafin a watse, alhazai aƙalla dubu 15 sun riga mu gidan gaskiya.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. A da, alhaji kan yi wata da watanni a hanya, mutanenmu na ƙasar Hausa ma sukan shekara suna ratsa Cadi da Sudan a ƙasa. In cuta ta faɗa wa ayari, takan ci ta ƙare a daji kafin a isa gida. To a 1865 an riga an sami jirgin ruwa mai hayaƙi daga Jidda zuwa Suwez, ga kuma jirgin ƙasa daga can zuwa Alƙahira da Iskandariyya. Kwana kaɗan mutum ya isa garinsu, kuma da yawa suna ɗauke da ƙwayar cutar ba tare da ko ciwon kai ba. Nan da nan Masar ta yi asarar rayuka wajen dubu 60. Jiragen ruwa suka kwashi cutar zuwa Istanbul da Faransa, har ta tsallaka Amurka.

Wannan ya sa ƙasashe suka yi taro a Istanbul a 1866, daga baya aka riƙa tsare alhazai na 'yan kwanaki a tashar Al-Tur ta yankin Sinai da tsibirin Kamaran na Bahar Maliya. Duk da haka a 1893 kwalara ta sake kashe alhazai wajen dubu 30. A tashar Al-Tur ɗin nan ne a 1905 aka gano wani nau'in ƙwayar cutar, aka raɗa masa sunan wurin. Shi ne wanda ya taso daga Indunusiya a 1961, ya iso Afirka ta Yamma a 1970, dattawanmu ba su manta da shi ba.

Ba kwalara kaɗai ba. Sanƙarau, wanda shi ta tari da atishawa yake bi, ya ɓarke a Hajjin 1987, abin da ya sa Saudiyya ta wajabta wa maniyyata allurar rigakafi. A 1996 kuwa, da ya kashe fiye da mutum dubu 11 a Nijeriya, an hana maniyyatanmu zuwa. Ka ga ashe abin da aka yi a 2020, da kuma 2021 da aka taƙaita ga mutum dubu 60 mazauna ƙasar, ba farau ba ne.

Saboda haka malam, ba ibada ce ke kawo cuta ba. Cunkoso ne, da randa ɗaya da moɗa ɗaya, da kwana a ɗaki ɗaya. Babban haɗarin kuma ranar watsewa ne, sa'ad da kowa zai koma ƙauyensu a tarbe shi da murna. Haka abin yake ko a taron Mauludi, ko na wa'azi, ko na coci, in annoba na gari. Ai ko Sayyadina Umar, da ya ji annoba ta sauka a Sham, juyawa ya yi da tawagarsa, ba kuwa don ƙarancin tawakkali ba.

In an ce a yi allura, a yi. A tafasa ruwan sha, a wanke hannu da sabulu, mara lafiya kuma ya haƙura ya zauna gida. Da fatan an gamsu. Sai mun sake jin ku.