Oksitosin: Sinadarin naƙuda da shayarwa, da matsayinsa a ɗakin haihuwa

Oksitosin sinadari ne da jikin ɗan Adam yake samarwa da kansa, na mace da na namiji. Wani sashe na ƙwaƙwalwa mai suna haifotalamus ne ke haɗa shi, sannan ɗan ƙullutun da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwar, wato fituwitari, ya sako shi cikin jini. Sunan ya samo asali ne daga harshen Girka, kuma ma'anarsa haihuwa cikin hanzari. Kwafinsa da ake haɗawa a masana'anta shi ne abin da mata ke kira allurar naƙuda.

Tarihin gano shi

A 1906 masanin Ingila Henry Dale ya lura cewa ruwan da aka tatso daga fituwitari yana sa mahaifar kyanwa ta tsuke. A 1953 Vincent du Vigneaud na Amurka ya gano tsarin sinadarin, ya kuma haɗa irinsa a ɗakin gwaji, aikin da ya sa aka ba shi lambar Nobel a 1955.

Aikinsa a jiki

Idan kan jariri ya danni bakin mahaifa, saƙo yakan tafi ƙwaƙwalwa, ita kuma ta ƙara sako sinadarin, naƙuda ta ƙara ƙarfi, a haka har a sauka. Bayan fitar mabiyiya, shi ne ke sa mahaifa ta ɗaure ta matse jijiyoyin da suka buɗe, jini ya tsaya. Tsotson jariri ma yana tayar da shi, shi kuma ya turo nono waje. Wannan ne ya sa ungozoma ke gaggauta ɗora jariri a ƙirjin uwarsa.

Laƙabin “sinadarin soyayya”

Laƙabin ya bazu ne bayan binciken wasu ɓerayen daji na Amurka masu zama da abokin tarayya guda, da kuma wani gwaji na 2005 a birnin Zurich, wanda ya nuna waɗanda aka fesa wa sinadarin a hanci sun fi amince wa baƙo da kuɗinsu. Sai dai wani babban gwaji da aka maimaita a 2020 bai tabbatar da hakan ba, kuma a 2023 an gano ɓerayen suna ci gaba da shaƙuwa ko da an hana jikinsu karɓar sinadarin. Abin da ba a jayayya a kai shi ne aikinsa a naƙuda da shayarwa.

Muhimmancinsa a kudancin Jigawa

Zubar jini bayan haihuwa, wato asarar rabin lita ko fiye cikin awa 24, shi ne kan gaba wajen kashe masu jego a duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2023 cewa yana halaka mata kusan 70,000 a shekara, ta kuma ba da shawarar a yi wa kowace mace allurar oksitosin da zarar jariri ya fito.

A Birnin Kudu akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya, amma matar da ta haihu a wani ƙauyen Gwaram tana da tafiya a gabanta kafin ta isa can, jini kuwa ba ya jira. Saboda haka allurar da ke ƙaramin asibitin da ya fi kusa da ita ce kariyarta ta farko.

A nan ne matsalar zafi ta shigo. Ana son a ajiye allurar a firji, tsakanin maki 2 zuwa 8 a ma'aunin Salshiyas, alhali zafin bazara a yankin yakan haura maki 40, wutar lantarki kuma ba ta da tabbas. Kwalbar da ta sha zafi takan rasa ƙarfinta ba tare da kamanninta sun sauya ba. Wani bincike da aka yi tare da hukumar NAFDAC, aka wallafa a 2018, ya gano kusan kashi uku cikin huɗu na samfuran oksitosin da aka gwada a Najeriya ba su cika ƙa'ida ba.

Akwai mafita da bincike ya samar. A 2018 gwajin mata kusan 30,000 a ƙasashe goma, har da Najeriya, ya nuna maganin kabetosin mai jure zafi yana kare zubar jini kamar oksitosin. A 2023 kuma aka wallafa binciken E-MOTIVE, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranci ɓangarensa na Najeriya: auna jini da leda mai ma'auni, tare da haɗa matakan jinya a lokaci guda, ya rage mummunar zubar jini da kusan kashi 60 cikin 100.

Hattara

Allurar da ke ceto bayan haihuwa tana iya kisa kafin haihuwa. Idan aka yi ta a gida ko a kyamis don a gaggauta naƙuda, mahaifa na iya fashewa, jariri na iya galabaita. A asibiti ta ƙarin ruwa ake ba da ita, ɗigo-ɗigo, ana sauraron bugun zuciyar jariri. Maigidan da aka rubuta wa ita ya sayo, ya tabbatar daga firji aka ɗauko ta, ya duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki, ya kuma miƙa ta ga ma'aikatan ba tare da ɓata lokaci ba.