Daga tiyo a kunne zuwa na'urar hayaƙi

Mu da muka koyi kanikanci a kan Peugeot 504, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, kunne ne na'urarmu ta gano inda inji ke satar iska. Mota za ta zo silo ya ƙi zama, tana karkarwa, da direba ya ɗaga ƙafa daga totur sai ta mutu. Oga zai yanko guntun tiyo, baki ɗaya a kunnensa, ɗayan yana bin jikin inji a hankali har ya ji wani siririn fito. Wuraren zargi ba su da yawa: gindin kafireta, gaskit ɗin manifol, ƙaramin tiyon distiributa, sai babban tiyon sabo, wanda in ya tsage burki ma kan yi tauri.

Inda kunne ya gaza, a yayyafa ɗan fetur. Silo ya tashi, to nan ramin yake. Dabarar tana ci, amma wayar fulogi mai tartsatsi ta ƙone girar yara da yawa a gareji. Malalacin makaniki kuwa ba ya ma nema, sai ya murɗa sukurun kafireta ya ƙara mai, mota ta daina karkarwa, mai ita ya koma abokin gidan mai.

Motocin Beljiyam masu injekta, da suka cika tituna daga shekarun 1990, su suka sauya aikin. Inji yana son kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur a ma'aunin nauyi. Sensa na auna iskar da ta shigo ta ƙofa, amma wadda ta saɗaɗo ta tsagar roba ba ta cikin lissafi. Sensar iskar oksijin da ke salansa ta ga mai ya yi kaɗan, kwamfuta ta ƙara. Wato mota da kanta take yin abin da malalacin nan ke yi, ta ɓoye ciwonta.

Tun 1996 Amurka ta wajabta tsarin OBD-II, shi ya sa yau ake jona skana ta nuna P0171. Lambar cewa take iska ta rinjayi mai. Ba ta faɗi ta ina ba. Nan yaran yanzu ke faɗawa rami, su tura mutum kasuwar Ƙofar Ruwa ko ta Panteka sayen sensa, alhali zafin ƙasar nan ne ya busar da wata roba ta tsage. Mai ido yakan duba ƙarin man da kwamfuta ke yi: in ya yi yawa a silo, ya sauka da an taka totur, iska ce.

Na'urar hayaƙi ta fi duk dabarunmu na da. A kashe inji, a toshe hanyar iska, a hura hayaƙi, ya ɓullo ta tsagar kowa na gani.

Mai mota, in an ce maka sensa ce, ka nemi a gwada hayaƙi kafin ka ciro kuɗi.