Ciyar da Karnuka Ɗanyen Nama a Ƙasar Arewa: Nazari kan Kayan Cikin da ake Yarwa a Gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri

Tsakure

Wannan maƙala ta auna muhawarar da ake yi a ƙasashen Turai da Amurka kan ciyar da karnuka ɗanyen nama da yadda ake kiwon kare a gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri na jihar Dosso, yankin da ake kira Arewa. Matsayinta shi ne, haɗarin ɗanyen nama a Arewa yana tattare da irin sashen naman da kare ke samu, domin rabonsa a wurin yanka shi ne hanta da huhun da mutum ya ga aibi a jikinsu ya ƙi.

Waiwaye kan ayyukan da suka gabata

Ra'ayin cewa ɗanyen nama da ƙashi su ne abincin da ya dace da kare ya yaɗu ne bayan littafin da likitan dabbobi Ian Billinghurst na ƙasar Ostareliya ya wallafa a 1993, kuma hujjar masu bin sa ita ce kare jikan kyarkecin ƙasashen sanyi ne, don haka cikinsa bai saba da hatsi ba. Wannan hujja ta yi rauni tun 2013, lokacin da Erik Axelsson da abokan aikinsa na Jami'ar Uppsala suka nuna a mujallar Nature cewa kare yana ɗauke da kwafi huɗu zuwa talatin na ƙwayar gadon da ke sarrafa sinadarin narkar da sitaci, wato garin da ke cikin hatsi, alhali kyarkeci kwafi biyu kawai yake da su. Manomin Matankari ko na Gesheme bai jira wannan sakamako ba, tun da karensa na gadi ko na farauta da ragowar tuwon gero da ƙanzo da dusa yake rayuwa, yana kuma bin zomo a guje har ya kama. Haka karnukan Azawak da Buzaye ke kiwo, waɗanda masu sha'awar karnuka a Turai ke saye da tsada, gero da nono ne mafi yawan cimarsu a ƙasarsu ta asali.

Masu sukar ɗanyen nama kuwa sun fi dogara da ƙwayoyin cuta na bakteriya. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gwada samfur 196 na ɗanyen abincin dabbobin gida tsakanin 2010 da 2012, ta sami Salmonela a 15, Listeriya a 32, kuma wani bincike na Jami'ar Utrecht da ya fito a 2018 ya sami makamancin haka a kayayyaki 35 da ake sayarwa a daskare a Holan. Sakamakon nan ingantacce ne, sai dai nama ne da ya wuce hannun mai duba lafiyarsa, aka niƙa, aka ƙunshe, aka sa a firiza, wanda ba shi da alaƙa da abin da ke faɗuwa ƙasa a bayan rumfar mahauci ranar kasuwa.

Hanyar bincike

An bi hanyar kwatance: an jera matakan rayuwar tsutsotsin da ke zagaya tsakanin kare da dabbobin kiwo kamar yadda littattafan likitancin dabbobi da bayanan Hukumar Lafiya ta Duniya suka bayyana su, sannan aka ɗora su kan lokutan da ake yanka a yankin, wato yankan kasuwa, yankan suna da layya.

Rabon kare a wurin yanka

A ƙasar da nama ke da tsada, ba a ba kare tsoka, kuma kayan ciki ma abinci ne mai daraja wanda ake soyawa ko a yi farfesu da shi. Abin da ke isa bakin kare shi ne wanda mai fiɗa ya duba ya ga ƙululu ko ƙullin ruwa a jikinsa, ya yanke ya jefar, tare da mushen da aka ja bayan gari. Ma'anar wannan ita ce, ɗanyen naman da karen Arewa ke ci ya riga ya bi ta tankaɗe, amma tankaɗen ya ware masa mai cutar ne, kuma a nan bambancin yake tsakaninsa da karen birnin Landan.

Mafi muni cikin waɗannan ƙulle-ƙulle shi ne na wata ƙaramar tsila da masana ke kira Echinococcus granulosus, wadda tsawonta bai wuce milimita bakwai ba, tana zaune a ƙaramin hanjin kare ba tare da ta nuna masa alamar ciwo ba. Ƙwayayenta suna fita cikin kashin kare, su manne a ciyawa da ƙasa da gashin jikinsa, idan tunkiya ko akuya ko saniya ko raƙumi ya haɗiye su sai su huda hanji su bi jini zuwa hanta ko huhu, inda suke zama jaka mai cike da ruwa da dubban kawunan tsutsa. Kare ya ci wannan jaka ɗanya, cikin mako shida zuwa bakwai tsutsotsin sun girma sun fara zubar da ƙwai, zagayen ya koma farko. Da yake jakar a hankali take girma, tsofaffin dabbobi sun fi ɗauke da ita, su ne kuma makiyayi ya fi kaiwa kasuwa idan rani ya tsananta.

Abin da ya kamata a tsaya a kai shi ne, mutum ba ya kamuwa da wannan cuta ta cin hantar mai jaka, ƙwan da ke cikin kashin kare ne ke kama shi, ta hannun yaron da ya shafa kare ya ci tuwo, ko ta ruwa da ganyen da ƙwan ya taɓa. Don haka mahaucin da ya yanke jakar don ya kyautata wa mai saye, sannan ya jefa wa kare, ya ɗauke ta daga inda ba ta cutar da mutum ya kai ta inda za ta zama mai cutarwa. A jikin ɗan Adam jakar takan yi shekaru tana girma, mafi yawa a hanta, sai huhu, kafin ta kawo kumburin ciki, ciwo a gefen dama ko tari, kuma maganinta sau da yawa tiyata ce ko shan albendazol na watanni, abin da ke da nauyi ga iyalin da ke ƙauye nesa da babbar hanyar Yamai zuwa Birnin Ƙonni. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cutar cikin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su, tana ƙiyasta cewa fiye da mutum miliyan ɗaya ke fama da ita a kowane lokaci, kuma yankin Turkana na Kenya, inda makiyaya ke zama kusa da karnukansu, yana cikin wuraren da ta fi ƙamari.

Za a iya cewa zafin ranar Sahel yana kashe ƙwan, kuma gaskiya ne bushewa da zafi suna hallaka shi a kan tudu da fako. Amma Arewa ba tudu kaɗai ba ce: kwarin Dallol Mauri ya ratsa gundumomin biyu, ruwa yana kusa da ƙasa, kuma a lokacin sanyi lambunan dankalin turawa da salak da kabeji suna cika gefen tafkuna da rijiyoyi. Ƙasa mai laima da inuwa ita ce ƙwan ke daɗewa a cikinta, nan ne karnuka ke zuwa shan ruwa su kwanta, nan ne kuma ake tsinko ganyen da ake ci ɗanye. Babbar salla tana ƙara wa lamarin nauyi, domin a yini ɗaya ana yanka raguna gida-gida ba tare da idon ma'aikacin kiwo ba, abin da aka ƙi kuwa yana tafiya bola.

Akwai wasu tsilolin da ke bin wannan hanya, kamar wadda ke yin jaka a ƙwaƙwalwar tunkiya har ta riƙa kewaya wuri ɗaya, wadda kare ke ɗauka idan an jefa masa kan dabbar, kuma mushen da ciwon saifa ya kashe haɗari ne ga kare da mai shi baki ɗaya.

Iyakar binciken

Maƙalar ba ta ƙunshi ƙidayar dabbobi a mayanka ko gwajin kashin karnuka ba, kuma mai son adadi zai ɗauki wannan a matsayin naƙasu. Sai dai ƙidaya girman matsalar kawai za ta faɗa, ba za ta canja hanyar da tsutsar ke bi ba, wadda ɗaya ce a ko'ina aka haɗa kare, garke da yanka a fili.

Abin da ake iya yi

Ƙasar Aisland ta fara yaƙi da cutar Echinococcus tun shekarun 1860 ta hanyar wayar da kan manoma su daina ba karnuka ɗanyen kayan ciki, tun kafin a sami magani mai ƙarfi, Niyu Zilan kuma ta soma nata shirin a 1959 ta ayyana kuɓuta a 2002. A Arewa ba a bukatar korar karnuka, tun da mazhabar Malikiyya da ake bi ta halatta riƙe su don gadi, kiwo da farauta, kuma ba a bukatar hana su nama. Tafasa hanta da huhu na minti talatin yana kashe kawunan tsutsar, ya bar wa kare amfanin naman, wanda kuma ba za a dafa ba sai a binne shi da zurfi ko a ƙone. Tukunya ɗaya a wurin yanka ƙarƙashin kulawar Sarkin Fawa za ta fi takardar doka aiki a kasuwannin mako irin na Kore Mairuwa da Dumega, idan aka haɗa da ba karnuka maganin firazikwantel, miligiram biyar ga kowane kilo na nauyin jiki, duk bayan mako shida, kafin sababbin tsutsotsi su kai ga zubar da ƙwai.