Tarihin Ɗaure Manhaja: Me Ya Sa Zaɓin Lokacin Gini Yake Da Muhimmanci?



Yawancinmu mun san manhaja ne a matsayin abin da ake saukewa, a danna, ta buɗe. Amma kafin ta iso hannunmu sai an gina ta, wato an ɗauki umarnin da masana suka rubuta an mayar da shi abin da kwamfuta ke iya aiwatarwa. A lokacin ginin nan ake zaɓar abin da za a sa a ciki da abin da za a bari. Wahalar ta fi faɗa wa ma'aikatar da ta rubuta manhajarta ta cikin gida, domin tata tana dogara da wasu na waje, su kuma sai an gina su da wani zaɓi na musamman kafin su yi mata amfani.

Mu ɗauki misalin da ya shafe mu. SQLite wata ƙaramar ma'ajiyar bayanai ce da Richard Hipp ya fitar a 2000, kuma tana cikin kusan kowace wayar zamani. Idan aka gina ta yadda ta zo, haruffan Ingilishi kaɗai take gane babbansu da ƙaraminsu. Wanda ya nemi "kasa" zai samu "Kasa", amma wanda ya nemi "ƙasa" ba zai samu "Ƙasa" ba. Ana gyara wannan ta hanyar gina ta tare da wata manhaja mai suna ICU. Ke nan kamfanin ɗab'in da ya rubuta manhajar binciken littattafansa zai iya ganin tana aiki lafiya a kwamfutar ofis, a kai ta wata kwamfutar ta kasa gano rabin kalmomin. Suna ɗaya, lamba ɗaya, gini daban.

Wannan ciwon kai ya daɗe. A 1976 Stuart Feldman na Bell Labs a Amurka ya rubuta Make, bayan abokin aikinsa ya ɓata safiya yana neman kuskuren da ya riga ya gyara, ashe ba a sake gina manhajar ba. Make ta sa matakan gini suka zama rubutacce. A 1991 David MacKenzie ya fara Autoconf, wadda ke bai wa mai gini damar cewa a kunna wannan, a kashe wancan. Sai dai zaɓin yakan tsaya a kan wanda ya yi ginin. In ya bar aiki, ya tafi da shi.

Daga nan hanya ta rabu biyu. Debian, da Ian Murdock ya kafa a 1993, ta zaɓi raba ginannun manhajoji: mai kula da kowane ƙunshi shi ke zaɓa wa kowa. Akwai sauƙi, amma in zaɓinsa bai dace da bukatarka ba, sai ka sake ginawa da kanka. A 1994 kuma Jordan Hubbard ya kawo tsarin Ports a FreeBSD, inda ake raba bayanin yadda za a gina, kowa ya gina a injinsa. Gentoo ta Daniel Robbins, wadda fitowarta ta farko ta zo a 2002, ta faɗaɗa wannan da alamomin USE, mutum ya rubuta zaɓinsa a fayil guda. Duk da haka matsala ta rage: idan manhajoji biyu a inji ɗaya suna bukatar gini biyu mabambanta na abu guda, sai su yi karo.

Eelco Dolstra na Jami'ar Utrecht a Holan ya warware wannan da Nix, wadda ya fara a 2003, ya kuma yi digirinsa na uku a kanta a 2006. A Nix, ana lissafa wata lamba daga duk abin da ya shiga ginin, har da zaɓuɓɓukan, a sa ta a sunan wurin ajiyarsa. Canza zaɓi ɗaya, lambar ta canza, ginin biyu su zauna gefe da gefe ba rikici. A 2013 Todd Gamblin ya fara Spack a ɗakin binciken Lawrence Livermore domin manyan kwamfutocin kimiyya, bisa irin wannan tunani. A shekarar ce kuma Docker ta fito, ta ɗaure manhaja da duk madogaranta a akwati guda.

Abin da tarihin nan ke nuna mana shi ne, sunan manhaja da lambarta ba su isa su bayyana ta ba, sai an haɗa da yadda aka gina ta. Saboda haka duk wanda za a rubuta wa manhaja a cikinmu, ta mujalla ce ko ta ƙamus, ya nemi a ba shi rubutaccen bayanin ginin tare da ita, ya kuma gwada ɓ, ɗ da ƙ kafin ya biya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai mun haɗu mako mai zuwa.