Tashar Rahama: Tarihin Wata Tashar Jirgin Kuza

Wanda ya dubi taswirar layin dogo ta Nijeriya ta Arewa zai ga cewa Turawa ba su shimfiɗa shi don yawan jama'a ba. Ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, har da garuruwa irin su Dingaya, ba ta taɓa jin kukan jirgi ba: layin Kano zuwa Nguru ya bi ta arewa da ita a 1930, na Bauci zuwa Maiduguri kuma ya ratsa ta kudu. Amma ƙauyen Rahama, a ƙasar Zazzau, ya sami tasha tun 1912. Dalili kuwa shi ne kuza.

Kafin zuwan jirgi, 'yan alaro ne ke ɗaukar kuzar Jos a ka, su yi kwana da kwanaki har Loko a bakin kogin Binuwai. Kamfanonin haƙar ma'adinai suka matsa wa Gwamnati lamba, ita kuwa, don tsumulmula, ta yi musu ƙaramin layi mai faɗin ƙafa 2 da inci 6, alhali babban layin da ya isa Kano a 1911 ƙafa 3 da inci 6 ne. Aka laƙaba masa sunan Bauci, ko da yake bai taɓa kusantar birnin Yakubu ba. Jos ce a lokacin take cikin Lardin Bauci.

Daga Zariya layin ya bi ta Soba da Dutsen Wai, ya tsaya a Rahama. A nan ne tashar ta ci zamaninta, domin ita ce ƙarshen dogo. Duk injin da za a hau da shi kan tsauni a nan ake sauke shi, duk buhun kuzar da ya gangaro a nan yake jiran wagunu, ga leburori da 'yan dako da masu sayar musu da abinci. Sai dai abin bai daɗe ba. A 1914 jirgi ya kai Jos da Bukuru, Rahama ta koma zango kawai.

Rashin daidaiton faɗin nan shi ya zama ajalin layin, tun da dole a sauke kowane kaya a Zariya a sake lodi. Da babban layi ya iso Jos ta Kafanchan a 1927, kuza ta juya ta nufi Fatakwal kai tsaye, gawayin Inugu kuma ya riƙa zuwa ta can. Shekara talatin ƙaramin jirgin ya yi yana jan ƙafa da fasinjoji da amfanin gona, watau sai da kuza ta yashe shi sannan ya zama na talakawa sosai, motoci kuma suna ƙwace masa ciniki. A 1957 aka rufe layin baki ɗaya, shekara huɗu kafin jirgi ya shiga garin Bauci ta wata hanya dabam.