Gwajin Gida na FIV da FeLV a Kyanwowi: Nazari kan Ingancin Sakamako

Tsakure

Maƙalar ta duba tsinken gwajin gaggawa da masu kyanwowi ke saya don gano cututtuka biyu, FIV mai karya garkuwar jiki da FeLV mai haddasa sankarar jini. Ta nuna cewa matsalar ba ta cika zama a tsinken ba. Ta fi yawa a lokacin da aka yi gwajin da kuma fassarar da ake yi wa sakamakon.

Gabatarwa

William Jarrett ne ya gano FeLV a Jami'ar Glasgow a 1964. Niels Pedersen da Janet Yamamoto kuwa sun gano FIV a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis a 1986. FeLV tana yaɗuwa ta yawu, wajen lasar juna da cin abinci a kwano ɗaya, haka kuma daga uwa zuwa 'ya'ya. FIV ta fi bin cizo, shi ya sa ta fi kama muzuran da ke yawon dare suna faɗa. Babu ɗayansu da ke kama mutum, ko da yake sunan "ƙanjamau na kyanwa" da ake kiran FIV da shi yana firgita mutane ba gaira ba dalili.

Yadda tsinken ke aiki

Fasalinsa irin na gwajin maleriya ne da ake yi a kemis: a ɗiga jini, a ƙara ruwan gwaji, a jira kamar minti goma, a duba layi. Sai dai layin FeLV da na FIV ba abu ɗaya suke nema ba. Na FeLV yana neman furotin ɗin ƙwayar cutar kanta, wanda ake kira p27. Na FIV kuwa sinadaran kariya yake nema, waɗanda jiki ya ƙera don yaƙar cutar. Daga wannan bambanci ne yawancin ruɗani ke tasowa.

Ɗan kyanwar da ya sha nonon uwa mai FIV yana iya ɗauke da kariyarta har ya kai wata shida, layi ya fito alhali lafiyarsa ƙalau. Kyanwar da aka ciza jiya kuwa ba za ta nuna komai ba, don jiki na iya ɗaukar kwana 60 kafin ya ƙera abin da tsinken ke gani. FeLV tana buƙatar kusan kwana 30. Akwai kuma kyanwar da jikinta ya danne FeLV, furotin ɗin ya ɓace daga jini, amma ƙwayar tana nan kwance a cikin ƙwayoyin halitta. Gwajin PCR na ɗakin bincike ne kawai ke tono ta.

Allurar riga-kafin FIV ma tana rikita lissafi. Binciken Mark Westman da abokan aikinsa a Jami'ar Sidni a 2015 ya nuna cewa tsinkayen gwaji na Witness da Anigen Rapid suna bambance wadda aka yi wa allura da mai cutar, SNAP Combo kuwa ba ya iyawa.

Lissafin kuskure

Binciken Julie Levy da abokan aikinta na 2006 a Arewacin Amurka, kan kyanwowi 18,038, ya sami FeLV a kashi 2.3 cikin ɗari, FIV a kashi 2.5. Mu ɗauki misali da adadi makamancin haka. A ce akwai kyanwowi 1,000, guda 20 ne masu cutar, tsinken kuma yana yin daidai sau 98 cikin 100. Zai kama kusan duka ashirin ɗin nan. Amma cikin 980 masu lafiya zai yi wa kusan 20 ƙazafi. Ke nan rabin waɗanda aka ce suna da cutar ba su da ita. Kamfani bai yi ƙarya ba da ya rubuta kashi 98 a jikin kwali, mai saye ne bai san abin da adadin ke nufi ba. A ganinmu nan ne babban haɗarin gwajin gida, domin a kan layi ɗaya tak ake korar kyanwa ko a kashe ta. Ƙa'idojin ƙungiyar likitocin kyanwowi ta Amurka na 2020 sun nemi a tabbatar da irin wannan sakamako da wani gwajin dabam, sun kuma hana kashe kyanwa saboda sakamakon kawai. Mai FIV ma tana iya shekaru tana harkarta idan aka tsare ta a gida.

Samfuri da ajiya

Ɗibar jinin kyanwa aikin likitan dabbobi ne. Wanda ya taɓa riƙe muzuru mai fushi ya san dalili. Yawu ya fi sauƙin ɗauka, sai dai a gwajin FeLV ya fi jini saurin kuskuren mai cutar. Wasu tsinkayen firji suke buƙata, wasu kuma ba a so zafi ya wuce digiri 30. A Sakkwato ko Yamai, inda zafin Afrilu ke haura digiri 40, kwalin da ya yini a shago ba wuta abin tuhuma ne tun kafin a buɗe shi. Idan layin shaida, wanda ke nuna cewa tsinken ya yi aiki, bai fito ba, gwajin ya lalace, sai a sake da sabo.