Ɗaukar Dala Ba Gammo



Gabanin ƙaramar Sallar bara na je Kantin Kwari na karɓo dila uku na atamfa bashi, a kan zan biya bayan Sallah. Shagon namu a kasuwar Wunti ko dila ɗaya ba ya cinyewa a wata. Da Baba ya ga an sauke kayan bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi, "Yaro, ka ɗauki Dala ba gammo."

A Bauchi aka haife ni, duwatsun da na sani su ne irin su Dutsen Tanshi, don haka sai da na bi diddigin maganar.

Dala dai shi ne dutsen da ke cikin birnin Kano, kuma daga gindinsa garin ya tsiro. Masu haƙar tarihi sun gano cewa tun ƙarni na 7 ake narkar da tama a wajen. Littafin Tarihin Kano ya ce sunan wani mutum ne da ya zauna a can, kuma daga tsatsonsa Barbushe ya fito, mai kula da Tsumburbura, kafin Bagauda ya zama sarki a 999. To, ga Bakano babu abin da ya kai Dala nauyi, a ido da kuma a tarihi.

Turawa ma suna da tasu, mun yi ta a sakandare: mutum ya gatsi abin da ya fi ƙarfin taunarsa. Ta bazu ne a Amurka wajen shekarun 1870, lokacin da ake sayar da tabar taunawa a curi. Ka miƙa wa aboki ya ɗan gutsura, makwaɗaici sai ya cika baki har ya kasa juya ta. Kamar dai a ba ka goro ka haɗa da ɓarin mai shi.

Amma ni a ganina ba abu ɗaya suke nufi ba. Ta Bature kwaɗayi take zargi. Tamu kuwa ba ta tsaya ga girman kayan ba, har da tsumman da ɗan dako ke naɗewa ya ɗora a ka ta ambata. Gammona a nan shi ne jari da masu saye, ni kuwa ba ko ɗaya.

Dila ɗaya da rabi na sayar. Sauran bashin Baba ne ya biya, yana cirewa daga kuɗina duk Juma'a har yanzu.